In Ɓera Da Sata, Daddawa Ma Da Wari: Ajiyar Abinci A Kwanan Gona

    

Yau maganarmu za ta ɗan fita daga tsakar gida ta nufi gona. Duk wadda ta tashi a ƙasar Kunci ta san da zarar an yanke gero da dawa, an ɗaure damma, akwai gidajen da sai wani ya kwana a bakin gona yana gadi har a kwashe. Haka masu noman rani a gefen dam ɗin Gari, wani sai ya yi mako bai kwana gida ba saboda tumatir da albasa. Ga 'yan uwanmu Fulani da ke kafa mashekari a gonakin da aka girbe, su kam da mata da yara ake zaman. Na san wata za ta ce, to ni da ba na fita, ina ruwana da kwanan gona? Da ruwanki, uwargida. Ke ce mai haɗa guzurin. Ke kika san abin da aka zuba a ƙwarya, da abin da aka rufe ta da shi, kuma idan yaro ya dawo da zazzaɓi ko da ƙafa a kumbure, a ɗakinki za a yi jinya.

Abin da nake so mu fahimta a yau abu guda ne: dabba ba mutum take nema ba, ƙanshi take bi. Inda ka ajiye abincinka, nan ka gayyato ta. Saboda haka wurin kwana daban, wurin abinci daban.

Bari in fara da wani labari na nesa, don a can ne aka fi ɗaukar wannan magana da gaske, kuma sai da aka rasa rayuka kafin a ɗauke ta. A Amurka da Kanada akwai wata dabbar dawa da ake kira beyar. Ba mu da ita a Afirka. Ƙatuwa ce mai gashi, babban namijin yakan wuce kilo 200, tana tsayawa da ƙafa biyu kamar mutum, tana da farata, ga hancin jin wari da ya fi na kare nesa ba kusa ba. Mutanen can suna da al'adar zuwa daji su kafa tanti su kwana don shaƙatawa. Mu dai wuya ce ke kai mu kwanan daji, su kuwa kuɗi suke biya su je, kowa da kiwon da ya karɓe shi. To shekaru da yawa ana zubar da ragowar abinci a juji kusa da inda baƙi ke sauka, har mutane na taruwa da yamma suna kallon beyar tana tonon bola. A wani gandun daji mai suna Glacier, a jihar Montana, cikin dare ɗaya a watan Agusta na 1967, beyar biyu daban suka kashe 'yan mata biyu a wurare biyu daban, kowacce shekararta 19. Da aka bi diddigi sai aka ga dabbobin wurin sun riga sun saba da abincin mutane da sharar mutane, tsoron ɗan Adam ya fita daga ransu. Bayan wannan ne hukumomi suka tashi tsaye. A babban gandun Yellowstone aka rufe jujin da beyar ke ci a wajen 1970.

Dokar da suke bi yanzu ga ta. Inda za ka kwana, da inda za ka dafa, da inda za ka ajiye abinci, a raba su, tsakani ya kai kamar mita 90. Abincin kuma ko dai a sa shi a wata gwangwani mai tauri da dabbar ba ta iya buɗewa, ko a rataye shi a reshen itace, sama da ƙasa kamar mita 3, nesa da gindin itacen fiye da mita 1, don kada ta hau ta miƙa hannu. Ba abinci kaɗai ba, har sabulu da man goge baki da man shafawa, duk abin da ke da ƙanshi ba ya kwana a tanti. Kuma sun lura da wani abu: beyar da ta ɗanɗana abincin mutum sau ɗaya ba ta daina dawowa, ƙarshenta sai an harbe ta. Sabo turken wawa, in ji Hausawa, ashe har a dabbobi.

Ba sai mun je Amurka ba ma. Wadda ta taɓa zuwa Yankari a jihar Bauchi za ta ba ki labarin gwaggon birin da ke sansanin Wikki. Ka bar taga a buɗe, ko ka riƙe leda a hannu, kafin ka waiga an fizge. Ba haka aka halicce su ba, baƙi ne suka koya musu cewa leda tana nufin abinci.

To mu a nan fa? Ƙasarmu gona ce ke bin gona, gari na ganin gari, dajin kirki ya ƙare. Kakanninmu sun ba mu labarin kura tana zagaya bukka da dare saboda warin nama ko ɗan akuya, amma yaran yanzu sai dai su ga kura a hannun gardi ranar kasuwa. Kada wannan ya sa mu saki jiki. Abin da ke zuwa wa abincinmu a gona yanzu ƙanana ne, kuma wallahi ƙanƙantarsu ce ta sa muke raina su: ɓera, gafiya, jaɓa, tururuwa, karnukan da ba su da mai su, da awakin da aka saki bayan girbi. A cikinsu duka ɓera ne babban mugu, ta hanya biyu.

Hanya ta farko, cuta. Kun sha jin zazzaɓin Lassa a rediyo. An fara gano shi a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno a yau, daga nan ya samo sunan. Wani irin ɓera ne mai nonuwa da yawa ke ɗauke da ƙwayar cutar, shi ba ta kashe shi, amma tana fita a fitsarinsa da kashinsa. Ɓeran nan na gona ne kuma na gida ne, yana kai da komo tsakanin biyun, musamman in an girbe an ƙone ciyawa ya rasa abin ci a fili. Shi ya sa cutar ta fi tashi da rani, daga wajen Disamba zuwa Afrilu. Ya hau kan garin da aka bari a buɗe, ya yi fitsari, fitsarin ya bushe, ba ki gani ba, ba ki ji wari ba. Da safe yaro ya jiƙa garin ya sha. Daga kwana shida zuwa mako uku sai zazzaɓi, ciwon kai, ciwon maƙogwaro, kasala. A sha maganin maleriya, shiru. Yawancin waɗanda suka kamu, kamar takwas cikin goma, abin yakan zo musu da sauƙi ko ma ba su san sun yi ba. Amma wanda ya yi wa tsanani yana iya zubar da jini, yana iya rasuwa, wasu kuma in sun tashi sai a tarar ba sa ji. Mai tsohon ciki ita ta fi kowa shiga haɗari, ita da abin da ke cikinta, mafi yawa cikin ba ya tsira. Kuma ana ɗauka daga jikin majinyaci. A watan Janairu na 2020 a cikin birnin Kano har likitoci cutar nan ta kashe. To kin ga ba maganar mutanen kudu kaɗai ba ce kamar yadda wasu ke cewa.

Hanya ta biyu, maciji. Maciji ba ya cin tuwo, ba ya shan fura. Me ya kawo shi bukka? Ɓera ya biyo. Kin ajiye ƙanzo a gefen tabarma, ɓera ya zo wa ƙanzo, kububuwa ko gamsheƙa ta zo wa ɓera, mai barci ya juya ya ɗora hannu. A Kaltungo ta jihar Gombe akwai asibiti guda na saran maciji, kuma ma'aikatansa sun san lokacin shuka da lokacin girbi ne gadajensu ke cika. Ina da wani ɗan ƙanwar mahaifiyata, saurayi, da aka tura gadin dawa wata shekara. Uwar ta haɗa masa ƙuli-ƙuli da gumba a leda, shi kuma saboda kada abokan gadi su cinye masa sai ya tura ledar ƙarƙashin buhun da yake matashi da shi. Dare na uku ya ji motsi a kansa, ya kai hannu. Allah ya taƙaita, a yatsa ne, aka kai shi asibiti da wuri, ya tashi. Amma kuɗin da aka kashe ya fi kuɗin dawar da ya je gadi. Har yau in an tuna sai uwar ta ce ita ta ja, da ta sa masa a langa mai murfi da ba haka ba. Ni kuwa nakan ce mata ba ke kaɗai ba ce, Inna, ba wanda ya taɓa gaya mana.

To yanzu yaya za a yi?

Mu fara daga gida, wajen haɗa guzuri, tunda nan ne hannunki yake. Leda ba ma'ajiya ba ce. Ɓera na huda ta cikin ƙiftawar ido, kuma wari na fita ta cikinta. Ƙwarya da faifai sun yi kyau a ɗaki da rana, amma a gona da dare faifai ba ya hana komai, ɓera da hanci yake ture shi. Ki nemi abin ƙarfe mai murfin da ke kamawa: langa, samira, tukunyar alminiyam, ko gwangwanin madara babba da aka wanke. Bokitin fenti na roba mai murfi shi ma yana yi in an wanke shi sarai, ko da yake gafiya in ta samu lokaci tana iya cin roba. In murfin ba ya kamawa, a ɗaure shi da igiya ko tsohuwar roba ta tayar keke, a ɗora dutse. Abu mai ƙarfin wari, irin su daddawa, busasshen kifi, kilishi, man shanu, ƙuli-ƙuli, ki ware su a gwangwaninsu daban, kada ki haɗa da gari. Kuma kada ki cika guzuri. Gonakinmu ba su da nisa, gara a riƙa aika na kwana biyu-biyu da a tara na mako guda a bukka. Ruwan sha a jarka mai murfi, ba a tulu buɗe ba, kofin kuma a kife shi a cikin langa, don ɓera na shan ruwa kamar yadda yake cin abinci.

Sai wurin zama. Ki gaya wa maigida, ko ki gaya wa yaran da bakinki, wuri uku ne. Wurin kwana, wurin murhu, wurin rataye abinci. Mu ba ma buƙatar mita 90 irin na masu beyar, ɓarawon akuya ma sai ya riga ka. Taku ashirin zuwa talatin ya isa, inda in an haska tocila za a gani. Da kaka iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, to murhu ya kasance ta kudu ko ta yamma da bukka, iska ta kwashe ƙanshin ta yi gaba da shi, ba ta bi da shi ta kan mai barci ba. Wannan ya yi maganin abu biyu, don tartsatsin wuta ma ba zai faɗa kan bukkar kara ko kan damma ba. Gobarar kaka kun san ba ta da kyau.

Ratayewa kuwa ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Iyayenmu da ragaya suka tashi, ana sa ƙwaryar nono a ciki a rataye a tsakar ɗaki, kyanwa ta gaji da kallo. Abin da Turawa ke koya wa junansu a littafi, kakata tana yi ba ta san sunansa ilimi ba. A gona sai a samu reshen gawo ko na ɗorawa ko darbejiya, a jefa igiya, a ja langar sama yadda akuya ko kare ba zai kai ba ko ya miƙe, kuma a nesanta ta da gindin itacen. Sai dai ɓera gwanin bin igiya ne, yana saukowa ta sama. Maganinsa, a huda murfin gwangwani mai faɗi ko tsohon faranti a tsakiya, a zura igiyar, a yi ƙulli a ƙasansa ya tsaya kamar laima a saman langar. In ya taka sai ya karkata ya zame. Wasu gorar roba suke zurawa, tana juyawa da shi. In ba itace kusa, a kafa sanduna uku a haɗa kansu a rataya a tsakiya. Tururuwa kuma, a zuba toka a gindin sandunan.

Akwai wata matsala da na san masu gadi za su kawo: ai dammunan da muke gadi su ma abinci ne, ɓera zai zo musu ko mun rataye guzuri ko ba mu rataye ba. Gaskiya ne. Shi ya sa ba a jingina da dami a yi barci, duk da ɗumin da yake da shi cikin sanyi. Nan ne mahaɗar ɓera da maciji. A ja baya, a share ciyawa da kara a kewayen wurin kwana har ƙasa ta fito fili, don maciji ba ya son ratsa fili. A yi ɗan gado na kara ko na itace a ɗaga daga ƙasa, a ɗaura gidan sauro a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma. Tocila a kusa da kai, takalmi a kakkaɓe kafin a sa. Da safe in za a ɗaga dami, a fara taɓa shi da sanda.

Ragowar abinci ita ce aka fi sakaci da ita. An ci tuwo, an watsa ruwan wanke hannu a bakin bukka, an jefar da ƙashi nan, tukunya ta kwana da ƙanzo. Wannan duk gayyata ce. A wanke kwano tun da sauran haske, a can wajen murhu, a tona ɗan rami a zuba ruwan wanke-wanke da ɓawo da ƙashi a rufe da ƙasa, ko a ƙone. Yaro ya wanke hannu da baki kafin ya kwanta. Mu da muka yi rainon yara a ƙauye mun san ɓera na gwaguyar yatsan yaron da ya kwanta da maiƙo a hannu. Kuma don Allah a daina jefa wa karen da ba naka ba loma. Yau ka ba shi, gobe ya zo da 'yan uwansa, jibi ya yi faɗa da yaronka a kan kwano, ga ciwon haukan kare ana fama.

Tuwon da ya kwana, in dai a rufe yake, a yi ɗumame ya tafasa sosai har tsakiya, ba a ɗan nuna masa wuta ba. Wanda aka tarar a buɗe, ko aka ga kashin ɓera a kai ko a gefensa, ko alamar haƙori, a zubar. Na san da ciwo. Na san abin da kwanon gari yake a wannan zamani, kuma an tarbiyyantar da mu cewa zubar da abinci ba kyau. Amma gutsure inda ɓera ya ci a cinye sauran, wannan ba tattali ba ne, don ba inda ya ci ne kaɗai ya taka ba. Musamman abin da ba a sake dafawa, irin gari, gumba, ƙuli-ƙuli, fura. In kuma za a share kashin ɓera a bukka ko a rumbu, a yayyafa ruwa tukuna, in da hali da ɗan sinadarin bilic, kada a share shi a bushe ƙurar ta shiga hanci.

Wata za ta ce, to ba sai a sa guba ba a huta? A nan kam ina roƙonku. Shinkafar ɓera da ake saya a kasuwa a barbaɗa a gefen bukka, kaza ta ci, akuya ta ci, yaro mai rarrafe ya ɗauka. Ƙwayar nan kuma da ake jefawa a buhun hatsi don ƙwari, wadda ake kira bom, iska mai guba take fitarwa, kuma ta sha kashe mutane a ɗakin da suka kwana da buhunan. Ba a kwana wuri ɗaya da ita, ko a gida ko a gona. Haka zuba fiya-fiya a wake. Saboda irin wannan maganin ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015. Abin da Bature ya ƙi saya, mu muke ba 'ya'yanmu. Ga wake akwai buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007: leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowanne daban, ƙwaro ya rasa iska ya mutu ba tare da magani ba. Shi ma a ɗora shi kan katako ko duwatsu, kada ya taɓa ƙasa ko bango, don in ɓera ya huda shi aikin ya ɓaci. Na ɓera kuwa tarko ya fi, kuma wanda ya kama kada a ɗauka da hannu, a sa leda ko sanda, a binne. Yaran da ke bin gafiya da ɓeran daji in an cinna wa ciyawa wuta, suna feɗewa suna gasawa, iyaye a tsawata musu, wajen fiɗar ne jinin ke taɓa hannu.

In duk da haka tsautsayi ya faɗa, abu biyu. Wanda maciji ya sara, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe ko abin hannu, a hana shi tafiya da ƙafa, a ɗora shi a babur ko amalanke zuwa asibiti, ko da ya ce ba ya jin komai, don dafin kububuwa sai daga baya yake nuna kansa da zubar jini. Wanda kuma ya dawo daga gona da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya kwana biyu, uku, a kai shi asibiti a gaya wa ma'aikaci cewa ya yi kwanan gona kuma akwai ɓeraye a wurin. Faɗin wannan yana taimaka musu, kuma maganin Lassa ya fi aiki in an fara da wuri. Mai jinya ta ware masa kofi da kwano, ta riƙa wanke hannu da sabulu, mai ciki kuma kada ta yi wannan jinyar, a samu wata.

'Yan uwa, agogo ya nuna lokacinmu ya cika. Wadda yaronta zai tafi gadi yau da daddare, ta duba langar nan tun yanzu ko murfinta na kamawa, ta haɗa masa da igiya.